Rinin Tukunya da Bargon Ƙyalle: Wane Launi Ke Zama, Wane Ke Guduwa

Jawabin da ɗaya daga cikin mambobinmu, 'yar kasuwa mai sayar da yadi da kayan ɗinki, ta gabatar a Galadi ranar bikin zagayowar shekarar kafa ƙungiya.

  

An ce in yi magana a kan bargon ƙyalle da wasunmu sunka fara ɗinkawa, da rinin da muke yi mishi a gida. Ni 'yar kasuwa ce, don haka ta wajen ciniki zan ɗauko zancen. Mai saye tana yafe tsada, tana yafe jinkiri, amma ba ta yafe kayan da sunka zuba a wankin farko. Bargo guda in ya koɗe a ɗakin amarya, duk 'yan ganin ɗaki sun gani, kuma sunan ƙungiya za a kira, ba sunan wadda ta ɗinka ba. Shi ya sa nike so yau mu rarrabe abin da ke kama yadi a cikin kayan madafinmu, da wanda ruɗin ido ne kawai.

Kowa ta tuna watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako anka kashe layukan waya. Alhamis ta zo ta wuce babu kasuwar Shinkafi. Wadda sana'arta ta dogara ga mota da hanya ta zauna hannu rabbana. Har gobe akwai 'yan uwanmu da sunka baro ƙauyukansu suna zaune gidajen dangi, ba gona, ba jari. Sana'ar da za a yi cikin gida, da tukunya da allura da abin da ake zubarwa, ba abin rainawa ba ce a wajenmu.

Kada kuma wata ta ce ɗinkin bargo mai hawa uku aikin Turawa ne. Ku dubi 'yan lifida ranar hawan salla. Lifidi mene ne? Yadi sama, yadi ƙasa, auduga a tsakiya, a bi da allura a danne. Tun zamanin su Namoda mayaƙa ke sa shi, su sa wa dawakinsu, don ya tare kibiya. Mu sanyin hunturu kawai muke so mu tare. Auduga ma tamu ce: jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929, gyaɗa da audugar ƙasar nan ya riƙa kwasa.

Dalilin da ya sa rinin gida ya dace da bargon ƙyalle shi ne girman tukunya. Tukunyar miya ba ta rina zane sukutum ya fito daidai, sai wani waje ya yi duhu wani ya yi haske. Amma ƙyalle mai faɗin taƙi guda, wato kamar inci 9, goma suna shiga su wala. Yadi ɗaya mai faɗin inci 36 yana ba ki ƙyalle 16. Shimfiɗar jariri ƙyalle 20 ce, huɗu a faɗi biyar a tsawo. Bargon gado ƙyalle 80, yadi 5 ke nan. Kina iya rina goma yau, goma jibi, kuma in na yau ya ɗan bambanta da na jibi, a jikin bargo ado ne ya zama.

Sai maganar yadi, kuma a nan ne mafi yawan asara take. Rinin itace auduga zalla yake kamawa. Yadin da anka haɗa da roba, ko kwana bakwai ya yi a tukunya, ba zai kama launi sosai ba. Yanzu kuwa kasuwa ta cika da shi, a ce miki alawayyo ne alhali rabinsa leda. Ki zari zare biyu uku daga bakin yadin ki ƙyasta ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Mai roba sai ya nannaɗe ya narke ya bar ɗan dunƙule mai tauri, da warin leda. Ni a rumfata ban hana kowa wannan gwaji, kuma duk mai yadin da ya hana ki, ki wuce gaba. Akoko ya fi araha kuma yana shan rini da kyau.

In kin kawo shi gida, ki dafa shi tukun. Sabon yadi yana da sitaci da maiƙon masaƙa, su ke hana rini shiga. Ruwa mai yawa, ɗan sabulu, ɗan guntun kanwa, ya tafasa kamar awa ɗaya. Za ki ga ruwan ya koma kamar shayi. Dafuwar nan kuma tana sa yadin ya tsuke tun yanzu. Bayan ita ake yanka, ba kafinta ba, in ba haka ba ƙyallayenki ba za su haɗu baki da baki ba.

To yanzu zanen. Duk dabarar ita ce a hana rini shiga wani waje. Hanya mafi sauƙi ɗauri. Ki sa tsakuwa ko ƙwallon dabino ko na kurna a ƙarƙashin ƙyalle, ki tattaro, ki ɗaure wuyansa tamau. In an kwance sai ki ga zobe. Kada ki sa wake ko masara, za su dahu a ciki su ɓata miki wajen. Zaren da ya fi kyau shi ne wanda ake zarewa daga buhun taki ko na shinkafa, don ba ya shan ruwa. Sai dai a wanke shi. Akwai na ɗinki: ki zana ganye ko tauraro da gawayi, ki bi layin da allura da zare mai ƙarfi, ki ja ya tattare, ki ƙulle. Ya fi cin lokaci amma ya fi kawo kuɗi, don shi ne ke fitowa kamar an zana da alƙalami. Masu idon allura a cikinmu, wanga naku ne. Akwai kuma ninki: a ninke ƙyalle kamar mahuci, a matse shi tsakanin kara biyu a ɗaure. Duk waɗannan suna jure ruwan zafi. In kina son zanen ya fito fari tas, ki yi ɗaurin tun kafin ƙyallen ya taɓa kowane ruwan rini, kuma ki jiƙa shi da ruwan sanyi kafin ki tsoma.

Ta biyu ita ce kunun rogo, kuma ita ce na fi so mu tsaya a kanta. Matan Yarbawa na Abekuta da Badun sun daɗe suna yi, suna ce mishi adire eleko. Garin rogo suke damawa da alif, su zana a yadi da gashin kaza, ya bushe, a tsoma a baba. Inda kunun ya rufe, rini bai shiga. Ga yadda nike yi: garin rogo mai laushi gwangwanin madara ɗaya, ruwa gwangwani huɗu zuwa biyar, alif ƙaramin cokali. A ɗora a wuta ana juyawa kamar talge har ya yi sheƙi ya yi danƙo, a tace da tsumma tun da ɗuminsa don gudaji. A zana da gashin kaza ko tsinken tsintsiya, ko a yanka fure a jikin fefen galan a ɗora a shafa kunun ta cikin hujin. A shimfiɗa a inuwa ya bushe ƙarau. Ku tsare shi daga awaki fa, don su a wajensu tuwo kunka shanya musu.

Amma kunun rogo ba ya shiga ruwan zafi. Yana shiga zai narke, aikin kwana biyu ya tafi. Rini mai sanyi yake so. To ina za mu samu rini mai sanyi a madafi? Bari in zo kan launuka, amsar tana ciki.

Auduga ba ta riƙe launin itace ita kaɗai, sai an yi mata shimfiɗa. Shimfiɗar farko bagaruwa, wagga dai da majema ke jima da ita. A daka hannu biyu, a fidda 'ya'yan, a zuba ruwan zafi, a tace, ƙyalle ya kwana a ciki. Ta biyu alif, wanda wasu ke ce wa alimun, wanda muke jefawa a randa ya kwantar da laka. Babban cokali ɗaya da rabi ga yadi guda, a narke a ruwan ɗumi, ƙyalle ya wuni ko ya kwana, a ɗauraye. Bagaruwa ta kama zare, alif ya kama bagaruwa, launi ya kama alif. Wadda ta tsallake wanga mataki don gaggawa, wanki zai tona ta. Gishiri kuma, da ake cewa a zuba don rini ya zauna, ba ya zaunar da rinin itace. Ku bar gishirinku ga miya.

Bayan shimfiɗa, ɓawon albasa yana ba da rawaya mai kyau, na jar albasa kuma yakan karkata zuwa ruwan ganye-ganye. Kwano guda a danne ya ishi yadi ɗaya. Masu albasa zubar da shi suke yi, ki je da buhu da yamma in kasuwa ta watse. A dafa awa ɗaya, a tace, a sa ƙyalle wuta kaɗan-kaɗan, a bar shi ya huce a ciki. Ganyen shayi yana ba da ruwan ƙasa mai haske. Goro, wanda ya bushe ko ya fara lalacewa masu goro ke karyarwa, a daka a jiƙa, yana ba da ruwan goro sosai. A Saliyo da Gambiya da shi ake rini, har su haɗa shi da baba. Sai ganyen marke, wanda a ganina ya fi su duka riƙo, kuma shi ba ya buƙatar bagaruwa don yana da irin dafinta a jikinsa. Sai dai ina roƙonku, kada wadda ta aiki ɗanta daji neman marke. Wanda ke bakin gari ya isa, in babu a yi da bagaruwar kasuwa. Babu bargon da ya kai ran yaro.

Yanzu baƙi. Dukawa suna da ruwan da suke baƙanta fata da shi, kuloko, na ƙarfe ne. Mu ma muna iya yi: ƙusoshi masu tsatsa hannu guda a cikin kwalba ko tsohon galan, a zuba ruwa da ruwan tsamiya mai tsami, a rufe sako-sako, a ajiye mako biyu. Wanga ruwa in ya taɓa farin yadi, tsatsa kawai zai bari. Amma in ya taɓa yadin da ya sha bagaruwa ko marke, kina tsaye zai rikiɗe ya koma toka-toka, in an maimaita ya koma baƙi. Ba wuta, ba tafasa. Kun ga rini mai sanyi ke nan. Mutanen Mali da wannan hikima suke yin zanensu da ake kira bogolan, wanda Turawa ke saye da tsada: ganyen marke ne da laka mai ƙarfe a ciki.

Saboda haka tsarin shi ne: ki rina ƙyalle da marke ko albasa ya yi rawaya, ya bushe. Ki zana da kunun rogo, ya bushe. Ki sirka ruwan ƙarfe da ruwa, ki ɗangwala da soso a kai, kada ki jiƙe shi sharkaf. In ya yi duhu ya sha iska, ki tsoma a ruwa mai yawa, ki kankare kunun da cokali, ki ɗauraye da sauri don kada baƙin ya hau kan rawayar. Sai ga fure rawaya a kan baƙin fili. In kina son zane mai tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, ki shafe ƙyallen duka da kunu, in ya bushe ki murtsuke shi ya farfashe, sannan ki shafa ruwan ƙarfen, ya bi tsagogin. Ƙarfe in ya yi yawa yana cin zare, yadin ya riƙa yagewa tun bai tsufa ba. Gara ki sirka ki shafa sau biyu da ki zuba mai ƙarfi sau ɗaya. Ruwan lemun tsami kuma yana goge baƙin nan, har ana iya zane da shi. Wannan ya sa dole a gaya wa mai saye, kada ɗanta ya matse lemu a kan bargon ta ce mun cuce ta.

Ga inda na san za mu saɓa da wasu 'yan uwa. Zoɓo. Na ga ƙyallayen da anka rina da zoɓo, ja jawur, gwanin sha'awa, kuma na ji ana cewa amare ja suke so, mu sa a kasuwa. Ni dai ban yarda ba. Ku ɗiga wa ruwan zoɓo kanwa ku gani, nan take zai juye ya yi shuɗi-shuɗi ko kore mai datti. Sabulu ɗan uwan kanwa ne. Abin da ya faru a kofi shi zai faru a bahon wanki, abin da ya rage kuma rana ta cinye. Gangamau ma haka: rawayarsa ta fi ta kowa haske, amma shanya kaɗan take koɗewa, sabulu kuma ya maida ta ja-ja. Karan dafi a fata yake sarauta, a auduga bai kai can ba. Wadda za ta yi wa 'yarta 'yar tsana da zoɓo, bismilla. Amma abin da za a karɓi kuɗin mutum a kai, a'a. In ja ake so, a sa jan ƙyallen kanti da anka wanke anka tabbatar ba ya zuba, a yi baki da shi ko a tsarma shi tsakanin namu. Ba laifi ba ne, muddin an faɗa.

Na san kuma akwai masu cewa me ya kai mu wannan wahala, ga hodar kamfala nan kowane launi. Gaskiya ne tana kamawa, kuma ban ce haramun ba ce. Amma ba ta aiki sai da soda mai ƙuna da ɗayan farin garin mai wari. Sodar nan a ido kamar sukari take, in an narke ta kamar ruwan sha. Yaro in ya kurɓa, maƙogwaro take ƙonewa, wani har abada ba ya koma haɗiyar tuwo daidai. Mu da muke zaune gida ɗaya da yara goma sha, wasu ma ɗaki ɗaya da na dangi, ina za mu ɓoye ta? In ƙungiya na son kamfala, a yi ta waje guda mai ƙofa da kwaɗo, da safar hannu. Namu na madafi ma ba a sake da shi ba: ruwan ƙarfe guba ne ga yaro, a rataye shi sama, kada a zuba shi a gorar lemu. Tukunyar rini da muciyarta kuma sun bar girki ke nan.

Shuɗi fa? Shuɗin gaske na baba ne, kuma baba ba aikin tukunyar miya ba ne. Sai an haɗa shi da toka a rami ya yi kwanaki yana ruɓa, sai wanda ya san hancinsa. Yadi yana fitowa kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, har yau ana aiki a cikinta, kuma yadda suke yi darasi ne gare mu: mata ke ɗauri da ɗinki a cikin gida, maza su tsoma a karofi. Mu ma muna iya ɗaure ƙyallayenmu a nan, a tara su buhu guda, duk wadda za ta sari a Kantin Kwari ta tafi da su. Kuɗin mota ɗaya, kuɗin rini a raba. Shuɗin baba kusa da rawayar marke da baƙin ƙarfe, wallahi ba ƙaramin kyau yake ba.

Haɗa bargon ba zan daɗe a kai ba, da yawanku kun fi ni hannu. A jera ƙyallaye a tabarma a duba kafin a ɗinka, mai duhu kusa da mai haske. Shafi a sa yadi mai ƙarfi. A tsakiya, tsohon zane biyu ko tsohon bargo ya fi shiɓaɓɓiyar auduga sauƙin wanki. In auduga za a sa, layin ɗinki kada ya wuce yatsa uku tsakani, don kada ta dunƙule gefe guda. Audugar rimi a bar wa matashin kai.

Abin da nike roƙon ƙungiya ta zartar yau shi ne gwaji. Duk tukunyar rini da anka yi, a sa ɗan ƙyalle na daban a ciki, a raba shi uku. Ɗaya a jefa a akwati. Ɗaya a ɗora a kan danga ya sha rana mako guda. Ɗaya a ɗinka mishi farin ƙyalle a jiki a wanke da sabulu sau biyar. Sannan a jera su a gaban mutum biyu da ba su ne sunka rina ba. In na rana ya yi nisa da na akwati, ko farin ya ɗauki launi, bargon ba ya fita da sunanmu. Kuma a rubuta. Mu da munka shiga aji da girmanmu, ga inda karatun zai biya mu: littafi guda, a liƙa ƙyallen, a rubuta albasa kwano nawa, alif cokali nawa, kwana nawa, ruwan rijiya ko na rafi, don ruwa ma yana canza launi. Ranar da mai saye ta dawo ta ce irin na bara nike so wa ƙanwata, sai a buɗe shafi. Kowane bargo kuma a maƙala mishi 'yar takarda: a wanke da sabulun wanka, ban da omo, ban da bilic, a shanya a inuwa. Wadda ba ta karatu a karanta mata a gaban rumfa.

Sai maganar yadi a dunƙule. Kowa tana sayen yadi biyu uku da tsadar ɗai-ɗai, alhali in munka haɗa kuɗi munka ɗauki bandir, ribar da ni da ire-irena muke ci a kanku ta dawo asusu. Kun ji 'yar kasuwa tana rage wa kanta ciniki, to ku karɓa tun ban canza shawara ba.

Na ajiye ƙyallaye a kan tabarmar da ke bakin ƙofa, jeri biyu. Na dama marke ne da albasa da goro da baƙin ƙarfe, na hagu zoɓo da gangamau, kowanne da wanda anka wanke da wanda ba a wanke ba. Ku taɓa, ku ɗaga su a rana. Masu son koyon kunun rogo su ba ma'aji sunansu kafin a tashi. Za mu fara Asabar mai zuwa bayan la'asar a gidan uwar ƙungiya. Kowa ta zo da rabin yadin akoko dafaffe da gashin kaza biyu, garin rogo da alif ni zan kawo.